Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wa ke cin gumin mai garka?

Kowace shekara, da zarar gero ya shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, sai hukuma ta ɗauko gangarta. A zaɓi wata fadama da ba ta da nisa da kwalta, a kafa rumfuna, a jera kujeru. Minista ya iso da jerin kat-kat, gwamna da furefe suna biye, a miƙa wa manoma 'yan ƙunshin iri da buhunan taki da injin ban ruwa biyu ko uku a gaban masu ɗaukar hoto, a ce an ƙaddamar da noman rani. Da dare a nuna a tele, washegari jaridar gwamnati ta buga yawan hektar da za a noma da yawan tan da ake sa ran samu. Daga nan kowa ya koma biro.

Bayan wata uku ko huɗu tumatir ya nuna a Gulbin Maraɗi, kabeji ya naɗe a Koramar Damagaram, albasa ta kwantar da lawashi a Maggiya da Tarka. A wannan lokaci ne mai garka ya fi bukatar hukuma, a lokacin ne kuma ba ya ganin ko ƙurar motarta. Abin da yake gani shi ne dillali da buhunsa, mai bin bashi da littafinsa, da ranar bazara wadda ba ta jiran a gama ciniki.

Shekara arba'in ke nan Nijar tana ƙirga noman rani ranar shuka. Gwamnatin soja ta yi haka, ta farar hula ta yi haka, ba a sami wadda ta ɗauki alƙalami ta je ta ƙirga shi ranar girbi ba. Alhali kuwa tsakanin bakin rijiya da bakin kasuwa ne dukiyar take zubewa, kuma ba hannun ƙaddara kaɗai ke zubar da ita ba.

Abin da aka gada daga 1984

Garka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mutanen Galmi da Madawa sun san albasa tun kafin Nasara ya kafa bariki, mutanen Mirya da Matamai sun daɗe da rake da kayan miya, mutanen Ayar suna jan ruwa da raƙumi da sa suna shayar da alkama da dabino. Amma noman rani a matsayin siyasar ƙasa ya samo asali ne daga farin 1984. A shekarar nan damina ta ƙi, rumbuna suka zama wayam, Janar Seyni Kountché ya yi kira a koma fadamu da bakin tafkuna, aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri, aka yi shinge. Manufar a bayyane take: a sami abin kaiwa baki kafin wata damina, a kuma tsayar da samari kada su watse cin rani. Ta wannan fuska shirin ya yi amfani, babu mai musun haka sai wanda bai ga yunwar shekarar ba.

Sai dai abin da aka ƙirƙira don ceton rai ya girma ya zama sana'a, tunanin hukuma kuwa ya tsaya inda Kountché ya bar shi. Har yanzu ana kallon garka kamar maganin gaggawa, abin da ake tunawa da shi idan damina ta yi gardama. Shi ya sa duk dabarar ta ƙare a iri da rijiya.

A daidai lokacin da manoma suka rungumi garka, a lokacin ne aka zare musu tsani. Asusun ba manoma bashi, CNCA, ya durƙushe cikin shekarun 1980, bankin BDRN ya bi shi a 1990. Tsarin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da FMI ya tsuke ɗaukar ma'aikata, malaman gona suka yi ta tsufa ba masu canjinsu, koferatif ɗin da aka kafa daga sama suka zama suna kawai. Taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da jaridu, bai kawo wa mai albasa ma'auni ba. Faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta sa albasar Nijar ta yi araha a idon baƙi, ta kuma ninka kuɗin taki da inji da maganin ƙwari a hannun mai nomanta. Daga baya an buɗe bankin BAGRI, an kawo shirin 3N a 2012, hukumomin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 su ma sun ɗaga tutar babban ban ruwa da ci da kai. Sunaye sun sauya, ma'aunin nasara yana nan yadda yake: hekta nawa aka gyara, tan nawa aka noma. Ba a taɓa jin ministan da ya tsaya gaban 'yan ƙasa ya faɗi tan nawa suka ruɓe ba.

Albasa ba ta yi halin ruwa ba

A ɗauki albasa, sarauniyar garka. Nijar tana noma fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, ita ce kuma kan gaba wajen fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Ja ta Galmi ta yi suna daga Kumasi zuwa Abijan saboda yajinta da yadda take jure ajiya. Sunan ya kai har wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi ya yi rajistarsa a hukumar OAPI, sai da aka tayar da jijiyar wuya a 2009 kafin ya janye daga sunan. A 2023 hukumar ta miƙa wa Nijar takardar shaida cewa albasar Galmi ta Nijar ce, tare da ta kilishi. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma takarda ba ta hana ruɓa.

Ga yadda shekarar mai albasa take tafiya. Yana zuba iri a ƙarshen damina, ya dasa cikin sanyi, ya yi wata uku zuwa huɗu yana ban ruwa. Kuɗin fetur, kuɗin taki, kuɗin 'yan ƙodago, galibi ba daga aljihunsa suke fitowa ba, domin banki yana neman takardar fili da jingina, shi kuwa gonar gado ce ko ta aro. Wanda yake ba shi bashi shi ne ɗan kasuwar da zai sayi albasar. Cikin Maris da Afrilu kowa ya haƙe a lokaci ɗaya, tsibin albasa ya cika bakin hanya daga Tsarnawa zuwa Madawa, farashi ya faɗi ƙasa warwas. A wannan makon ne mai bashi yake zuwa. Manomi ya san sarai cewa idan ya riƙe kayansa zuwa Oktoba ko Nuwamba kuɗin buhu zai ninka sau uku ko huɗu. Sanin ba ya yi masa amfani, tun da ba a biyan bashi da sani.

Sai maganar buhu. A ƙasar da ake auna zinariya da giram, fetur da lita, albasa da buhu ake sayenta, buhun kuma na mai saye ne. A cusa, a danna, a ɗinka masa hula a baki har ya zarce kilo ɗari nesa ba kusa ba, a biya kuɗin buhu ɗaya. Idan ya isa gaɓar teku a farke shi a sake aunawa. An gina wuraren cinikin albasa a garuruwa irin su Tsarnawa da Madawa da Tamaske, an yi ta maganar ƙaramin buhu mai raga da sikeli. Duk da haka ciniki mai yawa a bakin garka yake ƙarewa, inda babu sikeli sai idon dillali. Wannan ba sirri ba ne. Kowane furefe da ya taɓa zama a Adar ya san shi.

Wanda ya tsira daga bashi ya ce zai ajiye, sai ya tarar da rudu, rumbun kara da ciyawa wanda kakanni suka bari. Rudu yana da hikimarsa, iska tana ratsa shi, amma ba a yi shi don tan ashirin ba, kuma ba ya hana laimar damina. Ƙiyasin da aka saba ji daga masana shi ne kusan sulusin abin da aka zuba yana lalacewa kafin a buɗe. Wani sashe na asarar tun daga garka yake farawa. Albasar da aka ɗura wa takin ure don ta yi girma ruwa ne cikinta. Wadda aka shayar har ranar haƙa, ko aka yanke wa lawashi wuyanta bai bushe ba, ta riga ta ɗauko ajalinta. Waɗannan abubuwa ne da malamin gona ɗaya zai koya wa ƙauye guda cikin yini biyu. Ina malamin? Yana babban gari ana horar da shi a ɗakin taro, ko kuwa yana zaune a gunduma babu fetur a babur ɗinsa.

Hanya mai cin rabonta

Kayan garka ba su da haƙurin gero. Kowane yini da kamiyo ya yi a tsaye, wani sashe na kayan ya zama juji. Duk da haka babu abin da aka raina a ƙasar nan kamar yinin direba. Daga Galmi zuwa Kumasi ko Abijan, sai wanda ya bi motar albasa ya san yawan igiyoyin da ake ɗagawa da yawan hannuwan da ake cikawa. Mai kaki ya san abin da ke cikin motar, ya san ba ta iya kwana, don haka ba ya bukatar yin barazana, ya isa ya ce a dakata. Kuɗin da aka bari a shingaye ba daga ribar babban ɗan kasuwa yake fita ba. Tun a bakin garka aka zabge shi daga farashin manomi.

A kan wannan sai siyasa ta ɗora nata. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli 2023 ya tsayar da motocin albasa a bakin iyakar Benin har kaya suka ruɓe a cikinsu, albasa ta yi tsada a Gana, ta faɗi a Adar. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma gadar Gaya ba ta koma yadda take ba, ayarin motoci suka koma bin Tera da Dori da rakiyar soja, hanya mai tsawo, mai haɗari, mai jiran a taru kafin a tashi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa ta tsaro da ta martabar ƙasa. Tambayar da ba a ji an yi ba ita ce: wa ya biya wa manomi asararsa? A Difa an ga irin wannan tun da farko, lokacin da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta taƙaita taki da fetur, aka hana cinikin tattasai don kada kuɗinsa ya kai ga Boko Haram, ba a sassauta ba sai a 2017. Mai tattasai ya biya kuɗin yaƙin da bai tayar ba.

Kada a manta da titin jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, wanda bai taɓa kai buhun albasa ko ɗaya kasuwa ba. Da kaɗan daga cikin irin wannan kuɗi aka zuba a hanyoyin karkara masu haɗa fadama da kwalta, da amalanken shanu bai kwana cikin yashi da kwandunan tumatir ba.

Ruwa ma da nasa labari. Tun da aka gama madatsar Jibiya a 1989, Gulbin Maraɗi bai ƙara malala kamar da ba, manoman Madarunfa da Tibiri suna ƙara zurfin rijiya, suna ƙara fetur. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan raba ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa. Mai garka yana da haƙƙin ya ji inda aka kwana a kanta. Cire tallafin mai da Nijeriya ta yi a Mayu 2023 ya kashe arahar fetur ɗin ruwa-ruwa da injuna suka dogara da shi, har manoma da yawa suka juya injunansu zuwa gas da dabarar kansu. Ƙasar da take da matatar mai a Damagaram tun 2011 ba ta rasa hanyar sauƙaƙa wa injin ban ruwa ba, niyya ce ba a yi ba.

Tumatir a juji, gwangwani a tukunya

Abin da ya fi ban takaici yana cikin tukunyar kowane gida. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yana yin yawa har kuɗin kwando ya kasa biyan kuɗin motar da ta kawo shi, a bar shi ga awaki, ko mata su yanka su shanya a ƙasa ya zama kauɗa mai haɗe da yashi. Da damina ta sauka sai ya ɓace, uwargida ta koma ga ɗan gwangwani ko 'yar leda da aka niƙa a Sin ko Italiya, aka ɗauko ta teku, aka biya mata duwan, ta ratsa ƙasa biyu kafin ta iso Maraɗi. Tumatirin da aka noma a Jiratawa ya kasa kaiwa wata shida, na bayan duniya ya kai shekara biyu. Haka mangwaro yake zuba a ƙarƙashin itatuwa a Gaya da Magarya cikin Afrilu da Mayu, yara suna shan ruwan leda mai launi da ƙamshin mangwaro. Haka dankalin Bonkuku, haka lemun Timiya da ya sha wahalar duwatsu kafin ya ga kwalta.

A 2014, a birnin Malabo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin rage asarar bayan girbi da rabi kafin 2025, bayan alkawarin Maputo na 2003 na ware kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga noma. Nijar tana cikin masu alkawarin. Wa'adin ya cika. Da wane ma'auni za a ce an rage rabi, alhali ba a taɓa bayyana wa jama'a adadin da za a raba biyu ba?

Amsoshin da aka saba ji

Idan aka tayar da wannan magana, amsa uku ake bayarwa.

Ta farko, a ce kasuwa ce, gwamnati ba ta sa baki a ciniki. To, gwamnatin da take karɓar haraji a kan kowane buhu da ya fita ta riga ta sa baki, ta sa hannu. Tilasta sikeli aikin hukuma ne tun zamanin sarakunan kasuwa. Ƙasar Senegal, wadda ita ma ta sha maganin FMI, tun 2003 take dakatar da shigo da albasar Turai a watannin da tata ta nuna. Albasar Holan da take gogayya da ta Galmi a Abijan ba da addu'a kaɗai ta isa can ba, akwai bincike da ɗakunan ajiya da bashi mai sauƙi a bayanta.

Ta biyu, a ce babu kuɗi. Kuɗin bikin ƙaddamarwa ɗaya, da man motocin ayari da kuɗin zaman manyan baƙi, zai gina rumbunan albasa na ƙasa masu tagogin iska, irin waɗanda aka riga aka gwada a jihar Tawa aka ga amfaninsu. Ba su bukatar lantarki, magina na ƙauye suna iya yin su. Furoje nawa suka zo suka tafi, kowanne da motocinsa da allonsa a bakin hanya, aka bar rumbu biyu na nuni da ƙofa a kulle?

Ta uku, a ce a yi haƙuri, za a gina kamfani. Wannan alkawari ya girmi yawancin masu noman yau. Kuma ko an gina, a dubi maƙwabta: kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, kusa da Kano, an buɗe shi a 2016, ya yi ta rufewa yana buɗewa, domin tsutsar tumatir ta cinye gonaki a shekarar, domin kuma ba a daidaita farashi da manoma ba. Injin niƙa ba ya gyara abin da ya lalace tun daga ciniki. Haka masu mafarkin manyan ɗakunan sanyi su tuna da Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ƙasar nan ta dogara da ita. Madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008, ta isa ta koya wa kowa cewa mai jiran babban aiki yana iya tsufa a wurin jira.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Ba a ce ɗan kasuwa ɓarawo ne ba. Shi ne ya ba da bashi lokacin da banki ya juya baya, shi ne yake sa dukiyarsa a mota ya bi daji, wani lokaci ya dawo da takardar asara. Ba don Alhazan Galmi da Madawa da Maraɗi ba, da albasar Nijar ba ta san hanyar teku ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Buhu mai hula yana murƙushe albasar da ke ƙasa, mai sayen ne yake kwasar ruɓaɓɓiya a Kumasi. Manomin da aka matse bana, baɗi zai ƙara ure don ya cika buhu, ya sayar da ruwa da sunan albasa. Ɗansa kuwa zai bar rijiyar ya tafi Jado ko Libiya. Ranar da masu saye a gaɓar teku suka gaji da kaya marasa tabbas suka koma ga na Holan ko na arewacin ƙasashensu, babu takardar OAPI da za ta dawo da su. Sikeli da tantance kaya kariya ce ga jarin ɗan kasuwa kafin ta zama alheri ga manomi.

Ma'aikaci kuma, wanda yake kukan tsadar cefane a watan Agusta, ya sani cewa tsadar nan 'yar arahar watan Maris ce. Abin da aka zubar da rani shi yake biya da damina. Lafiyarsa ma tana ciki. Manomin da ba shi da mai ba shi shawara yana sayen maganin ƙwari a tebur, irin su piya-piya da wasu da kwamitin CILSS mai tantance magunguna bai amince da su ba, ya fesa yau ya tsinka gobe, salatin ya ƙare a faranti a Yamai. Ma'aikatan duwan da na gidan gona da na kasuwanci da jandarma ba baƙi ba ne a wannan labari, 'ya'yan manoma ne, da kuɗin albasa da gyaɗa aka kai da yawansu lakwal. Sa hannun da ke tsayar da mota yini biyu, da wanda ke sakinta cikin awa ɗaya, duk daga alƙalami ɗaya suke fitowa.

Abin da ake iya yi kafin albasa ta sake nuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai matakan da ba su jiran madatsa ko mai ba da lamuni daga waje.

A tilasta sayen albasa da kilo, a kasuwa da bakin garka, a ba magadan gari da sarakuna ikon kama buhun da ya wuce ƙa'ida, a riƙa sanar da farashin kilo a gidajen rediyon karkara kowace safiya.

A faɗaɗa bashin jinginar amfanin gona, wanda Nijar ta fara gwadawa da hatsi da wake tun 1999, ya kai ga albasa. Manomi ya zuba kayansa a rumbun ƙungiya mai inganci, ya karɓi wani sashe na kuɗin ya sallami mai bashi, ya sayar idan farashi ya tashi. BAGRI da asusun FISAN, idan ba su yi wannan ba, me aka kafa su su yi?

A ba motar kayan garka takarda ɗaya daga inda ta yi lodi, a duba ta sau ɗaya, a sa lambar waya ta kai ƙara, a kuma buga sunan shingen da aka kama a jarida. Duk lokacin da hukuma ta rufe hanya saboda dalilin tsaro, ta faɗi a fili abin da ta tanadar wa masu kayan da ke ruɓewa.

Barikokin soja, asibitoci, gidajen kaso, kantunan abincin jami'o'i da na makarantun kwana, duk da kuɗin ƙasa suke cefane. A wajabta musu sayen kauɗa mai tsabta da busasshen kabeji da zogale da gabu daga ƙungiyoyin matan da suke sarrafa su. Mai saye tabbatacce shi ne abin da waɗannan mata suka rasa. Shanya a kan raga maimakon ƙasa ba ta gagare su ba.

A mayar da malaman gona bakin rijiya, da babur da fetur, a riƙa auna aikinsu da abin da ya tsira a rumbu. INRAN ta tsare tsabtar irin Galmi, ta wadata manoma da shi, kada a wayi gari suna sayen irin kakanninsu cikin gwangwani daga waje.

Daga ƙarshe, ministan da ya zo ƙaddamarwa cikin Nuwamba ya dawo wannan fadama cikin Afrilu, ba rumfa, ba makaɗa, ya zauna a kan buhu ya tambayi nawa aka sayar, nawa aka biya bashi, nawa ya rage. Abin da ya ji ya karanta shi a tele kamar yadda ya karanta yawan hekta.

Ana ta maganar 'yancin kai da ci da kai, magana ce mai daɗin ji, kuma babu ɗan ƙasa na gari da zai ƙi ta. Amma mutumin da ya tashi tun asuba cikin sanyin Janairu ya shiga ruwa har gwiwa ya riga ya yi nasa rabon na wannan 'yanci, ya noma abin da ya ishi ƙasa har ya kai maƙwabta. Saura rabon masu biro da masu shago. Idan Afrilu mai zuwa ta sake samun sa a bakin hanya yana rantsuwa a kan buhun da ba shi ya ɗinka ba, kada wani ya ɗora wa fari laifi, domin ruwa ya yi nasa, ƙasa ta yi nata.